Gaskiya ko Jita-jita: Jinyar Iyaye Masu Karɓar Maganin Ciwon Daji

Duk gidan da ciwon daji ya kwantar da uba ko uwa, shawara kan riga magani isowa. Masu zuwa dubiya ba sa zuwa hannu rabbana. Wani ya zo da ƙullin sassaƙe, wata ta zo da labarin matar da aka ce ruwan asibiti ne ya ƙarasa ta, ɗan da ke cirani kuma ya turo saƙon murya ta WhatsApp na wani mai magani da ya rantse yana warkar da daji cikin mako biyu. Kowa don ƙauna yake yi. Sai dai in shawarar ba daidai ba ce, a jikin tsoho ko tsohuwa take ƙarewa.

Ga mutanen gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, hanyar neman wannan magani doguwa ce. Ana farawa daga ƙaramin asibiti na kusa, wato CSI, a wuce asibitin gunduma, a tura mutum Maraɗi, daga can sau da yawa a ce sai Yamai, inda Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, CNLC, take. A nan ne aka buɗe sashen gashin daji da na'ura na farko a Nijar cikin watan Maris na 2021. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 650, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma mutumin Gazawa yana da ƙarin kusan kilomita 100 kafin ma ya iso Maraɗi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum kusan 10,000 ne suka kamu da ciwon a Nijar, fiye da 7,000 kuma suka rasu. Babban abin da ya sa adadin biyu suka kusanci juna haka shi ne yawancin marasa lafiya suna isa asibiti bayan ciwon ya yi nisa.

Maganin da ake ƙara wa mutum ta jijiya ko a ba shi ya haɗiya, wanda ma'aikatan asibitocinmu ke kira shimiyo, a Katsina da Kano kuma a ce kemo, ya tara maganganu iri-iri. Ga goma daga cikin waɗanda ƴaƴa masu jinya suka fi ji, da abin da ilimin likitanci ya tabbatar a kansu.

1. "Daji ba ya son ƙarfe. Da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu."

*Hukunci: Jita-jita.*

Wannan magana ta hana iyaye da yawa zuwa asibiti a lokacin da zuwan zai yi amfani. Tushenta abu ne da ido ya gani: an kai mutum, an ɗebi tsoka ko an yi masa aiki, bayan ƴan watanni ya rasu. Abin da ido bai gani ba shi ne ciwon ya riga ya isa hanta ko huhu ko ƙashi tun kafin a shiga mota. Ta hanyoyin jini da na kaluluwa daji yake yaɗuwa, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Guntun tsokar da likita ke ɗiba a kai ɗakin awo shi ke bayyana irin ciwon, domin maganin na mama daban yake da na hanji, na hanji kuma daban da na bakin mahaifa.

Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne na sakiya da tsaga da ƙaho. Shimiyo yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini da waɗanda ke kashe cuta, saboda haka ƴar tsagar wanzami tana iya zama zubar jini mai wuyar tsayawa, ko gyambon da zai ƙi warkewa.

2. "Ruwan nan ne ke kashe mutum, ba ciwon ba."

*Hukunci: Jita-jita, amma wahalar da ta haife ta gaskiya ce.*

Duk wanda ya zauna kusa da mahaifiyarsa kwana uku bayan ƙarin ruwa, tana amai, bakinta ya yi miki, ko fura ba ta iya haɗiya, ya san inda wannan magana ta samo asali. Ciwon daji ƙwayoyin jikin mutum ne da suka ƙi tsayawa da hayayyafa. Shimiyo yana bin duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, ita ta daji da wasu masu lafiya: tushen gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon da ke yin jini. Kamar noman gonar da ciyawa ta cushe ne, hauya ba ta rasa shafar gero, amma geron kan farfaɗo. Saboda farfaɗowar nan ake ba da maganin zagaye-zagaye, galibi duk bayan kwana 21, don jiki ya samu ya maida ƙarfinsa.

Tun shekarun 1940 ake amfani da irin wannan magani, lokacin da likita Sidney Farber ya gwada shi a kan yara masu dajin jini a birnin Boston na Amurka, kuma tun daga nan ake ta gyara yadda ake ba da shi. Ana auna tsawon mutum da nauyinsa kafin a lissafa yawan maganin. Ana awon jini kafin kowane zagaye, in jinin bai kai ba a ɗaga da mako guda. Akwai magungunan hana amai masu ƙarfi, irin su ondansetron, kuma sun fi aiki in an sha su a kan lokaci tun amai bai fara ba. Gashi kan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko in maganin irin mai zubar da gashi ne, ya kuma tsiro bayan an gama. Wani magani mai jan launi da ake yawan ba masu dajin mama yana sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan ba jini ba ne.

Aikin mai jinya shi ne ya rubuta abin da ya gani: amai sau nawa, gudawa sau nawa, me aka ci, me aka kasa ci. Kada a ɓoye wa likita don gudun kada ya tsayar da magani. Da wannan bayani yake rage yawansa ko ya sauya wani.

3. "Tunda an fara ƙarin ruwa, warkewa ta zo."

*Hukunci: Rabin gaskiya, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe.*

Shimiyo yana da manufa fiye da ɗaya. Akwai ire-iren daji da yake warkarwa ko da sun bazu, kamar wasu na kaluluwa da na maraina. Akwai inda ake ba da shi don ƙari ya ƙanƙance kafin a yi aiki, ko bayan aiki don a share abin da ya rage. Amma idan dajin mama ko na hanji ko na huhu ya kai mataki na 4, wato ya tsallaka zuwa wasu sassan jiki, manufar maganin a mafi yawan lokuta ita ce danne ciwon, rage zafi da kumburi da sarƙewar numfashi, da ƙara wa mutum watanni ko shekaru yana cikin iyalinsa. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai iyalin da suka ɗauka na warkarwa ne za su yanke shawarwari daban da waɗanda suka san na dannewa ne: a kan sayar da gona, a kan kiran ɗan da ke Libiya ko Abijan ya dawo, a kan ko a ci gaba da magani bayan jiki ya gaza.

Wannan ruɗani ba a ƙauye kaɗai yake ba. Wani bincike da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2012 ya gano cewa a Amurka, kashi 69 cikin 100 na masu dajin huhu da ya bazu, da kashi 81 cikin 100 na masu dajin hanji, ba su fahimci cewa da wuya shimiyon da suke karɓa ya warkar da su ba. Idan haka ta faru inda likita da maras lafiya ke magana da harshe ɗaya, ina ga tsohuwar Gangara da ake yi wa bayani da Faransanci ta bakin tafinta?

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ku ce: "Likita, wannan magani na warkarwa ne ko na danne ciwon? Zagaye nawa za a yi? Yaushe za a duba a ga ko yana aiki? In bai yi ba, me ya rage?" In ba ku gane amsa ba, ku nemi a maimaita da Hausa.

Haka nan jin sauƙi bayan zagaye biyu ba dalilin tsayawa ba ne. Damina kan zo, noma ya taso, a ce sai an girbe gero da wake a koma. Kafin nan ciwon ya sake toho, wataƙila ma ya daina jin maganin farko. Ɗagawa ko tsayarwa shawara ce da ake yankewa tare da likita.

4. "Zazzaɓin damina ne kawai, a ba shi farasitamol ya kwanta."

*Hukunci: Jita-jita mai kisa.*

In mai jinya zai riƙe abu ɗaya tak daga wannan rubutu, to ya riƙe wannan. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, suna yin ƙasa sosai. A wannan tsakani cutar da lafiyayye zai yi fama da ita kwana biyu ya miƙe tana iya shiga jinin mai shimiyo ta kashe shi cikin sa'o'i. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ko rawar ɗari, ko ruɗewa, ko kasala ta farat ɗaya, dalili ne na tafiya asibiti a take, ko da tsakar dare ne, ko da sai an nemi amalanke daga Cadakori ko Saye Sabuwa zuwa bakin titi.

A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, shi ya sa kowa ke ɗora laifin zafin jiki a kansa. Yana iya zama shi ɗin, yana iya zama wata cuta, suna ma iya haɗuwa. Ku gaya wa ma'aikacin da ya tarbe ku, tun daga bakin ƙofa: "Mai shimiyo ne, ranar kaza aka yi masa na ƙarshe." A yi awon zazzaɓin sauro, a yi awon ƙwayoyin jini, a kira likitan da ke bin sa, domin irin wannan hali yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa. Farasitamol yana ɓoye zafi, saboda haka a auna kafin a ba shi. Kada a sayi asfirin ko diklofenak daga masu tallar ƙwayoyi a kasuwa, suna ƙara haɗarin zubar jini kuma suna wahalar da ƙoda. Ma'aunin zafin jiki da gidan sauro su zama cikin kayan jinya na farko.

5. "A ware masa kwano da tabarma, kada jikoki su ɗauka."

*Hukunci: Jita-jita.*

Ba a ɗaukar daji ta cin abinci tare, ko ta gumi, ko ta numfashi, ko ta wanke miki. Ware tsoho daga kwanon gidansa ƙara masa ciwo ne a zuci. Wanda ke cikin haɗari shi ne maras lafiyan: mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa daga waje, yaro mai ƙyanda ko ƙarambau kada ya shiga ɗakin, masu dubiya su wanke hannu kuma kada su cika ɗaki.

Taka-tsantsan da ake buƙata na maganin ne. Kwana biyu na farko bayan ƙarin ruwa, wani lokaci har mako, ragowarsa tana fita ta fitsari da amai da bayan gida. Mai kwashewa ya sa safar hannu, a wanke zannuwan daban da sabulu, mai juna biyu kuma ta bar wa wata wannan aiki.

Gado yana da hannu a kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ciwon daji. In na mama ne, ƴaƴa mata su riƙa duba jikinsu su kuma je awo. In na hanta ne, iyalin gidan su yi awon cutar hanta nau'in B, domin ita ana ɗaukarta kuma tana da rigakafi.

6. "A haɗa da na gargajiya, ai itace ba ya cutarwa."

*Hukunci: Jita-jita.*

Itace yana da ƙarfi, shi ya sa yake iya cutarwa. Wasu magungunan shimiyo ma daga tsirrai aka samo su: vincristine daga wani fure na Madagaska, paclitaxel daga ɓawon wani itace na Amurka. Bambancin shi ne an tace su, an san nauyin da ke magani da nauyin da ke kisa. Jiƙon da ake sha kofi-kofi ba wanda ya auna shi, kuma ta hanta da ƙoda yake bi, gaɓoɓin da shimiyo ya riga ya ɗora wa aiki. In suka gaji, awon jini ya lalace, a ɗaga zagaye. Masu bincike a jami'ar Yale sun nuna a 2018 cewa masu dajin da bai bazu ba da suka bar maganin asibiti suka koma wanda ba na asibiti ba, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi.

Addu'a da tofi da sadaka da karatun Alƙur'ani ba sa karo da kowane magani, kuma suna ƙarfafa zuciyar mai ciwo. Abin da za a haɗiya ko a shafa a miki shi ne sai an nuna wa likita.

Ga abinci kuma, ana yawan cewa a hana nama da ƙwai da sukari don kada a ciyar da daji. Hana mai shimiyo abinci ramar da shi kawai yake yi, jikin da ya rame kuma ba ya ɗaukar magani. A ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, wake da ya dahu lugub, dafaffen ƙwai, romo, miyar kuka, dafaffen zogale. A tafasa madara da ruwan sha, a guji fura ko kwaɗon da ya wuni a buɗe, a kuma zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna. In baki ya yi miki a rage yaji da tsami, a riƙa kurkure shi da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri.

7. "Morfin na wanda aka fid da rai ne, kuma maye yake sawa."

*Hukunci: Jita-jita.*

Mun ga abin da tramadol ya yi wa samarinmu a tashoshi da kasuwanni, saboda haka tsoron irin waɗannan magunguna yana da dalili. Amma tsoron ya sa iyaye da yawa suna kwana suna nishi alhali maganin zafinsu sananne ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin zafin daji hawa uku: a fara da mai sauƙi, a hau zuwa matsakaici, in bai isa ba a ba da morfin. Tsananin zafin ake dubawa, ba kusantar ajali ba. Akwai masu shan morfin wata da watanni suna sallarsu suna hira da jikoki. A Yuganda, tun 1993 likita Anne Merriman ta fara ba marasa lafiya morfin na ruwa suna sha a gidajensu, kuma ƙasashen Afirka da dama sun yi koyi da tsarin.

Wanda ke shan sa saboda zafin daji, a ma'aunin da likita ya rubuta, da wuya ƙwarai ya zama ɗan maye. Ana shan sa ne a kan agogo, ba a jira sai zafi ya dawo. Yana sa barci a kwanakin farko, kuma kusan kullum yana ɗaure ciki, saboda haka a nemi maganin sassauta ciki tare da shi. Ba a yanke shi farat ɗaya. A kulle shi inda yara da samarin gida ba sa kaiwa.

Iyayenmu suna da dauriya da kawaici. Ka tambayi Baba ya jiki, ya ce da sauƙi, alhali bai runtsa ba. Ku lura da fuska, da yadda yake juyi, da abin da ya daina yi. Haƙuri da ƙaddara bai hana neman sauƙi ba.

8. "Kada a gaya mata, in ta ji zuciyarta za ta buga."

*Hukunci: Jita-jita a mafi yawan lokuta.*

Uwar da ake ɗauka daga Caduwa zuwa Yamai duk bayan mako uku, gashinta na zuba, ƴaƴanta na yin shiru in ta shigo, ta riga ta san ba ƙaramin abu ba ne. Ɓoyewar kan bar ta ita kaɗai da tsoronta, tana yi wa ƴaƴanta kara, su ma suna yi mata. Kuma akwai abubuwan da Musulmi yake son kimtsawa da kansa: wasiyya, bashin da ke kansa da wanda yake bi, ajiyar mutane, neman gafarar wanda suka saɓa, ganin ɗan da ya daɗe bai zo gida ba. Wanda aka ɓoye wa halin da yake ciki an hana shi wannan dama.

Ba a kuma ce a jefa mata magana kamar dutse ba. A zaɓi wanda ta fi sakewa da shi, a zauna ba cikin taro ba, a fara da tambaya: "Inna, likita ya yi mana bayani. Kina so in faɗa miki duka, ko kin fi so mu riƙe mu yi abin da ya dace?" Wata za ta ce a faɗa, wata ta ce ta bar wa Allah da ku. Duk wanda ta zaɓa haƙƙinta ne. In ciwon a mama ne ko a mahaifa, kunya ba za ta bar ta ta yi bayani gaban ɗanta namiji ba, sai a haɗa ta da ɗiya ko ƙanwa wajen shiga ganin likita.

Haka batun ibada. Tsoho kan dage sai ya yi azumi. Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya rangwame, kuma mai shimiyo yana buƙatar ruwa da yawa don kare ƙodarsa. A nemi malamin da yake girmamawa ya yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa, da sallah a zaune ko a kwance, da taimama. Abin da zai ƙi karɓa daga bakin ɗansa zai karɓa daga bakin liman.

9. "Ai kyauta ne," ko kuma, "Wannan magani sai mai kuɗi."

*Hukunci: Kowace da rabin gaskiyarta.*

Tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana maganin dajin mama da na mahaifa a matsayin kyauta, kuma daga Satumban 2024 an rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi. Ya kamata kowane iyali ya san wannan ya kuma tambayi haƙƙinsa. Amma kuɗin mota, masauki a Yamai, abinci, wasu awo da hotuna, da maganin da za a saya a waje in babu shi a asibiti, duk suna kan iyali, kuma kowane zagaye sai sun dawo.

A yankin Agye da Gazawa, inda gona ta yi ƙaranci kuma wadda aka sayar ba ta cika dawowa ba, kada a yi jingina ko sayarwa cikin ruɗewa. A fara tambayar kuɗin zagayen duka, domin tsayawa a tsakiya asarar dukiya ce da ta magani a haɗe. A je ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibiti. A naɗa mutum ɗaya mai amana ya riƙe kuɗi ya riƙa rubutawa, na cirani su san ranar da za su turo nasu. Wasu iyalai kan tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, ko Kano, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato. Duk inda za a je a tafi da takardu cikakku, musamman sakamakon awon tsoka da sunayen magungunan da aka riga aka yi, kuma kada a raba magani tsakanin asibiti biyu ba da sanin likitocin ba.

10. "In likita ya ce a dakatar da shimiyo, an yi watsi da shi. Ɗan kirki ba ya yarda."

*Hukunci: Jita-jita.*

Akwai lokacin da ciwon ke daina jin magani, ko jiki ya yi raunin da ƙarin ruwa zai rage kwana maimakon ya ƙara. Dakatarwa a irin wannan hali ita ma shawarar likitanci ce, kuma kulawa ba ta tsaya ba: maganin zafi, na amai, na numfashi, wanke miki, juya mai ciwo don kada bayansa ya saluɓe, da kwantar masa da hankali. Wannan reshe ne na likitanci mai zaman kansa, kuma ba sai an dakatar da shimiyo ake fara shi ba. A 2010 likitocin wani babban asibiti a Boston sun bi masu dajin huhu da ya bazu su 151. Waɗanda aka fara wa kulawar rage wahala da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya fi yi musu sauƙi, kuma matsakaicin kwanansu ya kai wata 11.6, na sauran wata 8.9.

In tsoho ya ce ya gaji da hanya, yana so ya koma Tsibiri ko Gidan Sori cikin iyalinsa, a saurare shi. Kafin a taso a karɓi takardar bayani zuwa ga asibitin gunduma ko CSI, da isasshen maganin zafi, da sanin inda za a sake samun sa.

Nauyin jinya kuma kada ya faɗa kan mutum ɗaya. A gidaje da yawa ɗiya guda ce ke barin ɗakinta da ƴaƴanta da sana'arta, sauran suna bugo waya suna ba da umarni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi karɓa-karɓa: mai rakiya, mai kwana, mai girki, mai kula da gona. Mai jinyar da bai yi barci ba shi ke manta lokacin magani, shi ke ɗaga murya ga wanda bai kamata a ɗaga wa ba, ya zo yana nadama.

Abin da ya rage gare mu

Iyayenmu sun yi jinyarmu muna ƙanana da iyakar abin da suka sani. Mu kuma an buɗe mana ƙofar sanin abin da su ba su samu ba, saboda haka biyayyarmu a wannan hali ta haɗa da neman sani da aiki da shi. Tun wannan mako, gidan da ke da mai shimiyo ya tanadi littafi guda da za a rubuta ranakun zagaye da magunguna da abin da aka gani, da ma'aunin zafin jiki, da lambar wayar sashen da ke kula da shi, da mai abin hawan da za a iya tasa cikin dare. A zauna a tambayi likita manufar maganin, a tambayi mai ciwon abin da yake so, a raba aiki tsakanin ƴan'uwa. Warkarwa ta Allah ce. Kada a bar uba cikin zafin da ke da magani, kada a bar uwa cikin zazzaɓin da ke buƙatar gaggawa, wannan kam yana hannunmu, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa kaffara ce, ya ba masu jinya juriya da lada.